Ƙafar Ɗan Koriya a Ka'akiyya

Ku samarin da kuke zama a ƙofar gidan ƙanena a unguwar Shisha, nan Makka, bayan la'asar, abin da kuke faɗa a kaina ya iso kunnena. Wai Ammu Bakur, wato Baffa Bakur, ya ƙare rayuwarsa yana kallon ƙwallo kyauta, ana kuma biyansa. Wai aikin mai kula da kayan 'yan wasa wanki ne da ninki. To ku gyara zama. Da Hausa na rubuta wannan da gangan. Wanda Larabci ya cinye masa harshen kakanninsa sai ya nemi mai karanta masa.

Ranar da na fara aiki a kulob ɗinmu, marigayi Ammu Sale, wanda ya koya mini sana'ar, ya juye mini buhun safa a jiƙe a tsakiyar ɗaki. Ya ce in haɗa kowace da 'yar'uwarta, in kuma san ƙafar wa kowace take shiga. Duk launinsu ɗaya. Na ce, "Ya ammi, ai babu suna a jiki." Ya ce, "Akwai. Dubi inda ta huje." Na daɗe a kan safa kafin ya bar ni in taɓa wando, na daɗe a kan wando kafin riga. Takalmi shi ne na ƙarshe, don a wurin Ammu Sale ɗan wasa aron jiki kawai yake yi, takalmi ne ke buga ƙwallo.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da ƙusarsa a bango. Akwai makullin ɗaure ƙusoshin takalmi, da burushi mai tauri na kankare ciyawa, da man shafa wa fata, da injin manna lamba a bayan riga, wanda in ka juya kai ka amsa sallama sai ya ƙone maka riga ɗungurungum. Akwai kuma tsofaffin jaridu na cusawa a cikin jiƙaƙƙen takalmi. Ba a shanya takalmi a ranar Makka. Wanda ya yi haka, da la'asar zai ɗauko kilishi.

'Yan wasa kuwa na ga iri-iri. Na ga wanda yake so a ba shi takalmin da ya matse shi har ya yi ɗingishi, wai ya fi jin ƙwallo. Na ga wanda in an ci wasa ba ya so a wanke rigarsa, kada sa'a ta bi ruwa. Na gaya masa a ɗakina ba a ajiye wari, ko na sa'a ne. Amma a duk waɗanda suka bi ta hannuna, babu wanda ya rikita mini tsari kamar ɗan Koriya.

Kun san filinmu a wajen iyakar Harami yake, shi ya sa baƙin 'yan wasa waɗanda ba Musulmi ba suke iya bugawa a can. A Jidda suke zama, su biyo hanyar da ta kewaye gari, ba sa shiga Makka. Ta wannan hanyar aka kawo mana shi wata safiya, dogo, faffaɗan ƙirji, ɗan baya ne. Sunansa gaɓa uku, mu muka ɗauki ta tsakiya muka ce Jun. Da ya iso ƙofar ɗakina sai ya tsaya ya tuɓe takalminsa ya shigo da safa. Ɗakin takalma fa! Sannan ya sa tafinta ya tambaye ni shekaruna, tun kafin ya tambayi sunana. Da aka gaya masa sai ya haɗe ƙafafu ya rusuna mini. Tafintan ya ce a ƙasarsu sai an san wa ya girmi wa kafin a san yadda za a yi magana. Na ce wannan ai tarbiyyar kakata ce, haka ta ce ana yi a Kano. Jun ya tambayi yadda ake kiran babban wa da harshen gidanmu. Daga ranar na zama Yaya.

To nan matsala ta fara. A tsarina, ɗan wasa ba ya ɗaukar kaya, ni ke ɗauka. A tsarinsa, ƙane ba ya tafiya hannu sake yayansa na ɗauke da jaka. Ranar wasanmu na farko a waje, a gaban koci da shugabanni, ya kama hannun jakar ƙwallaye na kama ɗayan.

"Yaya, la!" in ji shi da Larabci, wato a'a.

"Jun, saki!"

"La, Yaya!"

Muka yi ta ja har zip ya fashe, ƙwallaye suka bazu ƙarƙashin bas. Mai tsaron gidanmu ya yi dariya har ya kwanta a kwalta. A ƙarshe muka yi sulhu: shi ya riƙa ɗaukar jakar takalminsa, ni sauran. In na miƙa masa ruwa, da hannu biyu yake karɓa, sai ka ce na ba shi kofin gasa.

Takalmin nan nasa shi ne kan labarin. Da 'yan kalmomin Larabcinsa da nuni da yatsa ya ba ni tarihinsa a hankali, yana goge shi da kansa ina hararensa. A wani gari na bakin teku ya tashi, mahaifiyarsa tana sayar da kifi. Ya buga wa makaranta, kulob ɗin garinsu ya ɗauke shi. Daga nan Japan, inda wani ya taka masa ƙafar dama ƙashi ya karye. Ya koma gida ya yi aikin sojan da dole kowane namiji ya yi a ƙasarsu, yana buga wa ƙungiyar soja da aski ƙwal. Daga nan Sin, daga Sin sai wurinmu. Karayar Japan ta warke amma ta bar masa ƙullutu a gefen ƙafa, kamar rabin goro. Babu takalmin kanti da yake shiga. Wani mutum guda a Koriya ne yake ɗinka masa nasa a kan awon ƙafarsa. Da ƙafa biyu na takalman ya zo mana. Na farko ya mutu a tsakiyar kakar wasa, ya rage mana na biyun kaɗai.

Shekarar kuwa ita ce mummunar shekara. Koci ya zo, koci ya tafi, har na daina wahalar koyon sunayensu. 'Yan kallo suna jifa da gorar ruwa, ni ke tsincewa. A gidan biki in na shiga sai a sauya hira. Muka kai wasan ƙarshe a gida da lissafi ɗaya: in ba a ci mu ba mun tsira, in an ci mu mun faɗa rukuni na ƙasa. Kuma kowa ya sani, har mai sayar da shayi a ƙofar fili, cewa in babu Jun a baya, bayanmu ƙofar kanti ce a buɗe. Shi ma ya gaya mini bai taɓa faɗuwa da ƙungiya ba a duk yawonsa, ba ya so ya koma wa mahaifiyarsa da wannan tsarabar.

A makon wasan, wurin atisaye, wani ɗan gabanmu ya taka shi. Ɗan gabanmu, wanda duk shekara bai taka ragar kowa ba! Takalmin ya tsage daga gefen ƙullutun har kusan yatsa, ya buɗe baki kamar kifi. Muka gwada masa sabo mafi faɗi a ɗakina. Ya yi gudu zuwa tsakiyar fili ya zauna a ƙasa yana cije leɓe. Aka kira Koriya, mai ɗinkin ya ce sabon takalmi zai iso, amma bayan wasa. Masu gyara na Jidda suka ce za su liƙa da gam. Na san gam da zafin garin nan, ba sa kai rabin lokaci tare.

Sai na tuna Baba Ilu. Baduku ne, mutumin wajen Maraɗi, yana zaune a ƙarƙashin matakalar wani bene a unguwarmu Ka'akiyya, yana gyara silifa da jakunkunan alhazai. Ya zo aikin Hajji tun ina yaro, ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Na kai masa takalmin a cikin tawul. Ya juya shi, ya shinshina fatar, ya ce wanda ya ɗinka wannan ya san Allah ya ba shi hannu. Sannan ya miƙo mini abina.

"Ina mai shi?"

"Yana Jidda, Baba."

"To ya taho. Ba ni ɗumka takalmi irin wanga sai na taɓa ƙafa."

"Baba, ba Musulmi ba ne. Ba zai iya shigowa ba."

"To ya musulunta, ya taho."

"Baba, ana musulunta don takalmi?"

"Kai ka sani. Ni dai ban ɗumki a makance."

Na ce to in ɗauke shi a motata in kai shi fili. Ya kalle ni ta saman tabarau ya yi dariya har da tari. "Bakur ɗan Hajiya, fita ba ta da wuya, dawowa ce. A shingen taftish askari ya ce ina iƙama, in ba shi basilla? Daga nan sai jirgi. Wa ya san ni a Maraɗi yanzu? Ko karnukan garin sabbi ne."

Ku lura da kyau. Ga mutum ba ya iya shiga, ga mutum ba ya iya fita, ga shingen bincike a tsakaninsu, ga ni da yagaggen takalmi a hammata. Na bi abin daki-daki yadda na saba. Da farko na kira Jun a waya ta hoto, ya ɗaga ƙafarsa ya cika gilashin da ita. Baba Ilu ya shafa gilashin da babban yatsa ya ce, "Santsi gare ta kamar ta amarya. Ban ji komi ba." Bayan haka na je Jidda na sa Jun ya taka kwali na zagaye ƙafar da biro. Baba Ilu ya ce wannan inuwar ƙafa ce, shi ƙafa ya tambaya.

Na koma fili kaina ya ɗaure, na tarar da likitan kulob, wani Bamasare mai ƙiba da son raha, yana jera naɗin jibs, wato farar hodar nan da ake ɗaure karaya da ita. Na tsaya ina kallon jibs, jibs yana kallona. Na ce, "Ya daktor, za ka iya cire mini ƙafar Jun ba tare da ka yanke ta ba?" Da ya gane abin da nake nufi sai da ya nemi kujera.

Ga yadda muka yi, don wata rana ku amfana. An shafa wa ƙafar mai. An naɗe ta da jiƙaƙƙen jibs har idon sawu, yana tsaye da nauyinsa a kai, don ƙafar zaune daban take da ƙafar tsaye. Ashe ƙaton nan da 'yan gaba ke tsoro ba ya jure cakulkuli. Likita na taɓa tafin ƙafar sai ya ƙyalƙyale yana ihu, "Yaya! Yaya, halas!" Wato ya isa. Sai da 'yan wasa biyu suka riƙe shi. Da ya bushe aka tsaga shi a hankali aka zare ƙafar, aka mayar da ɓawon aka ɗaure, aka kwarara sabon jibs a ciki. Da aka ɓare sai ga ƙafar Jun fara fat a kan tebur, da ƙullutunta da faratanta. Mai tsaron gida ya ce, "Wallahi ta fi ta gaskiyar kyau."

Na naɗe ta a tawul, na zaunar da ita a kujerar gaba, na ɗaura mata bel. A shingen shiga Makka askari ya leƙo. Yatsu biyar sun fito ta bakin tawul.

"Esh hada, ya ammi?"

"Ƙafa ce."

"Na ga ƙafa ce. Ina sauran mutumin?"

Na nuna masa katin aikina, na ba shi labari tun daga farko, don ni ba na fara labari daga tsakiya. Motoci suka yi layi a bayana. Ashe mai goyon bayan kulob ɗinmu ne na mutuwa. Ya ɗaga kai ya dubi allon da ya ce Musulmi kaɗai, ya sauke ya dubi ƙafar, ya kira abokin aikinsa suka yi shawara fuska a murtuke, kafaɗunsu suna rawa. Ya dawo ya ce, "Allon mutane ya ambata, bai ambaci jibs ba. Wuce. Amma in aka ci mu, kada ka sake biyowa ta nan."

Baba Ilu ya karɓi ƙafar ya ɗora a cinya ya rufe ido. Ya bi ta da yatsu tun daga diddige. "Nan ta karye, an kuma ɗaure ta da kyau. Wanga farce ya fita ya sake tsirowa. Da gefe yake dukan ƙwallo, ba da yatsa ba. Kai, wagga ƙafa ta yi yawo." Na ce Koriya, Japan, Sin, sannan nan. Ya ce, "Ya fi ni yawo, na fi shi zama."

Sai ya buɗe wani tsohon gwangwani ya ciro jar fatar akuya ta ƙasar Hausa, wadda ya daɗe yana ɓoyo. Ya jiƙa ta, ya sa ƙafar jibs a cikin takalmin, ya ja facin a kan ƙullutun har ya kwanta kamar da shi aka haife shi. Ya huda da basilla, ya bi da zare mai kakin zuma, ɗinki biyu a jere, yana ja da haƙori. Bai yi mini magana ba sai sau ɗaya, da ya ce in matsa na tare masa haske. Da ya gama na ga jan faci a kan baƙin takalmi, raina bai so ba, don ba ya cikin tsari. Na yi niyyar shafe shi da baƙin mai. Jun ya sa takalmin, ya yi gudu har ƙarshen fili ya dawo, ya yi tsalle, ya riƙe mini hannu da burushin a ciki. "La, Yaya. Ahmar kwayyis." Wato jan ya yi masa.

Ranar wasan ban ga wasa ba, kuma wannan ne abin da ba ku sani ba game da kallon kyauta. Kowa na bin ƙwallo, ni ina bin jan faci. In ya yi tsalle sai in ji zaren a haƙorina. Aka tafi hutu babu ci. Na karɓi takalmin na duba, ɗinki bai motsa ba. Aka dawo, abokan karawarmu suka yi mana zobe. Dab da tashi aka bugo kwana, mai tsaron gidanmu ya fito ya kama iska, wani ya sa kai, ƙwallo ta nufi raga ba kowa. Sai ga Jun ya zamo a ƙasa ya miƙa ƙafar dama. A kan layi ya same ta, da gefen ƙafa, daidai kan fatar akuyar Baba Ilu. Ƙwallon ta tashi sama har wajen 'yan kallo.

Sai na ji usur. Ni Bakur, wanda ko gobara ba ta sa shi gudu, na tsinci kaina a tsakiyar fili da jakar safa a kafaɗa ina ihu da Hausa, "Bai tsinke ba! Bai tsinke ba!" Na rungume ƙafar Jun. Shi kuwa yana nuna mini bayana yana cewa, "Yaya, lissa! Lissa!" Wato da saura. Ashe usur ɗin na laifi ne, ba na tashi ba. Alƙalin wasa ya tako a hankali ya ɗaga mini jan kati, ni mai wanki, a gaban duk filin. 'Yan kallo suka raka ni da tafi. A ɗakina, tsakanin kwandunan tawul, na ji usur na gaskiya, na ji bene yana girgiza a kaina. Ba a ci mu ba.

Washegari Jun ya zo ɗakina da tafinta, da safa kamar kullum. Tambayarsa ta farko ita ce shekarun Baba Ilu. Da na ƙiyasta masa sai ya dafe kai. Ya ce a ƙasarsu wanda tsoho irin wannan ya yi masa aiki bai je ya kama hannunsa ba, ba ɗan mutane ba ne. Na ce shingen jiya yana nan yau. Sai ya juya ya dubi ɗakin likita.

Likita Musulmi ne, don haka shi da bokitinsa na kai Ka'akiyya, a yi wa hannun tsohon irin abin da aka yi wa ƙafar Jun. Baba Ilu ya ɓoye hannunsa a riga. "Wanga ba gunki ba ne, Bakur?" Likita ya ce, "Ya hajji, babu kai, babu ido, hannu ne zalla." Ya yi tunani ya ce to a yi na dama, amma a bar masa kantar zare, kada a goge. Rabin layin suka fito kallo. Mata suna leƙe ta taga suna tambaya ko Baba ya karye ne.

Na ɗaura wa hannun bel a kujerar gaba. Masu fita ba a cika tsayar da su ba, amma askarin nan ya gane motata daga nesa ya tsallako titi yana ɗaga mini hannu don ya yi mini barka. Ya leƙo. Ya daɗe yana kallo.

"Ya ammi, ran nan ka shigar da ƙafa, yau ka fitar da hannu. Ka gaya mini gaskiya, mutum nawa kake harhaɗawa?"

Jun ya sa riga mai kyau ya jira ni a ƙofar ɗakina. Na buɗe tawul. Ya karɓi hannun Baba Ilu da hannu biyu, ya rusuna ƙasa fiye da yadda ya taɓa yi mini, ya daɗe a haka. Sannan ya sa tafinsa a cikin tafin jibs ya girgiza a hankali, ya ce da Hausar da na koya masa, "Sannu da aiki, Baba." Babu wanda ya yi dariya, har mai tsaron gida.

Daga wurinmu gida ya koma, ya ƙarasa wasansa a kulob ɗin garinsu na bakin teku, yanzu yana koyarwa a can. Ya aiko mini hoton falonsa. Hannun yana kan kanta a tsakiyar lambobin yabonsa, a ƙarƙashinsa ga takalmi mai jan faci. Na nuna wa Baba Ilu, ya ce, "To, ga ni na je Koriya ba biza." Ƙafar kuwa tana nan ƙarƙashin matakala, a kanta yake buɗa silifar alhazai masu faɗin ƙafa. In ba ku yarda ba Ka'akiyya ba nisa, ku je ku gani, ku kuma gaishe shi da hannu biyu.

Wanda har yanzu yake ganin wanki ne da ninki, ya zo ɗakina da safe. Ya tuɓe takalminsa a ƙofa. Buhun safa yana jiransa.